Yadda za ka ɗauki bidiyo da sauti daga tsohuwar kwamfuta ba tare da ka zubar da kuɗi ba

Tun ranar da na nuna wa ƴan fadarmu bidiyon wata tsohuwar Pentium III tana tashi da Windows 98, har da ɗan kiɗan nan da take yi in ta buɗe, tambaya ɗaya ake ta yi mini: da me ka ɗauka ya fito tsaf haka, babu layi-layi? Wani yana da kwamfutar da mahaifinsa ya yi sana'ar buga takardu da ita, wani kuma abin wasan ƙuruciyarsa ne yake so ya nuna wa ƴaƴansa kafin injin ya mutu murus. Ga yadda nake yi, daki-daki. Abu guda nake roƙo: kada ka fitar da ko dala kafin ka gama mataki na 1 da na 2. Yawancin kuɗin da na ga sun salwanta a wannan aiki, a gaggawar saye suka tafi.

1. Juya ta ka dubi bayanta

Bakin da hoto yake fita ta cikinsa shi zai gaya maka abin da za ka saya. Ɗauki hotonsa da waya, da shi za ka je kasuwa.

Wanda aka fi samu nan Maradi shi ne VGA: shuɗi ne galibi, mai ramuka 15 a jeri uku. Kusan duk kwamfutar zamanin Windows 95, 98 da XP shi gare ta. Ƙirga jerin da kyau. Akwai wani mai ramuka 15 amma a jeri biyu, wannan na sandar wasa ne. Akwai kuma mai tsinke 9, shi ma ba na hoto ba ne.

Na biyu shi ne baki mai zagaye, rawaya, tare da fari ko ja na sauti, irin na bayan tele. Shi ne a jikin kwamfutocin yara masu kibod da ake cusa wa kaset, shi ne kuma a ƙarshen wayar PlayStation na farko da na biyu. Commodore 64 ta 1982 ma irin wannan hoton take bayarwa, sai dai ta wani baki zagaye mai ramuka da yawa da yake buƙatar wayarsa ta musamman.

Na uku shi ne mai wahala: Péritel, babban baki mai tsinke 21, wanda injinan Faransa irin su Thomson MO5 na 1984 suke aiki da shi. Amiga 500 ma tana wannan sahu, da nata bakin mai tsinke 23. Waɗannan suna zana layukan hoto a hankali, kimanin 15,000 a daƙiƙa, alhali VGA tana farawa daga kusan 31,000. Shi ya sa ko ka sami wayar da ta shiga daram, allon zamani ba zai gane su ba.

In kuma babu komai sai bakin eriya, kada ka karaya. Nemi tsohuwar bidiyo mai kaset, sa wayar eriyar a bayanta, kamo tashar kamar yadda ake kamo tele, sannan ka ɗauki hoton daga bakinta rawaya. Ta koma sahu na biyu ke nan.

2. Tabbatar tana da rai, kuma ba za ta ƙone ba

Kafin ka sa ta a wuta, duba bayan akwatin, kusa da inda wayar wuta take shiga. Da yawa suna da wani ɗan maɓalli ja mai 115 da 230. Wutarmu 220 ce, don haka 230 ya kamata ka gani.

Gargaɗi: kayan da suka fito daga Amurka ana samun su a kan 115. In ka sa haka, ƙara ɗaya za ka ji, sai wari. Wanda ba shi da maɓallin, karanta takardar da ke jikinsa. In 110 ko 120 kaɗai aka rubuta, sai da taransifoma.

Buɗe akwatin ka hure ƙura da famfon iska ko buroshi mai laushi. Injin da ya sha hunturu goma a ɗakin ajiya, fankarsa ta daskare da ƙasa, kuma a zafin Afrilu da Mayu ba zai yi rabin awa ba zai ɗauke. Juya fankar da yatsa ka ga ko tana tafiya. In ta tashi tana kukan kwanan wata ya ɓace, ɗan batirin nan ne mai kama da kwabo, CR2032, masu gyaran agogo suna da shi.

Gargaɗi: akwatin kwamfuta za ka buɗe, ba allon ba. Tsohon allo mai ƙeya yana aiki da wuta ta dubban volt, kuma yana riƙe ta ko bayan an cire shi daga bango. Wannan aikin mai gyaran tele ne.

Sai ka kunna ta da allonta na asali, ka ga hoto da idonka, ka ji sauti da kunnenka. In ka tsallake wannan, duk ranar da hoto ya ƙi fita ba za ka san wa za ka tuhuma ba, tsohuwar ko sabon kayan.

3. Sayayya

Kana buƙatar kwamfuta ta biyu da za ta yi ɗaukar. Laftof mai Windows 10 da Core i5 ta wadatar, in RAM ɗinta ya kai giga 8 hankalinka ya kwanta. Ko aro ne ya yi.

Mai VGA zai sayi abu biyu. Na farko tafinta ne, ɗan akwatin da yake karɓar VGA ya mayar da shi HDMI. Nemi wanda yake da ƙaramin rami na sauti da kuma wayar USB da take ba shi wuta.

Gargaɗi, kuma a nan aka fi faɗawa: akwai mai VGA zuwa HDMI, akwai mai HDMI zuwa VGA. Kamanninsu ɗaya, aikinsu hanya ɗaya ce, ba ya juyuwa. Na biyun ya fi yawa a shaguna saboda masu haɗa sabuwar laftof da tsohon majigi, kuma ya fi araha. Ni kaina na taɓa biyan kabu-kabu zuwa da dawowa sau biyu a kan wannan, mai shagon yana ta rantsuwa duk ɗaya ne. Karanta jikin akwatin: wajen da aka rubuta shiga, VGA za ka gani.

Na biyu shi ne katin ɗauka, ɗan abu kamar babban filas, HDMI a baya, USB a gaba. Masu arahar nan kusan duk guntu ɗaya ne a cikinsu, MS2109, wanda yake ba da 1080p a hoto 30 cikin daƙiƙa, ko 720p a hoto 60. Don tsohuwar kwamfuta wannan ya isa har ya yi saura. Kada shuɗin baki da rubutun USB 3.0 su sa ka ƙara kuɗi, da yawansu fenti ne kawai. Na gaskiyar shi ne mai MS2130, hotonsa ya fi tsabta, in ka same shi da ɗan ƙari kaɗan ka ɗauka.

Mai bakin rawaya abu ɗaya yake buƙata: EasyCap, mai wayoyi rawaya, fari, ja da baƙi a gefe ɗaya, USB a ɗayan. Matsalarsa, suna ɗaya ne amma cikinsu iri-iri, kuma faifan da yake zuwa da shi sau da yawa ba nasa ba ne. Tafi da laftof ɗinka shagon, a cusa a gabanka. Wanda Windows ta gane shi nan take a matsayin kyamara, shi za ka biya.

Kuɗi fa? A kasuwannin intanet kowane ɗaya daga cikin ukun nan yana tsakanin dala 5 zuwa 15, dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta biyar ba, wato daga jikka uku zuwa tara. A babbar kasuwa sa ran ƙarin kuɗin hanya da ribar mai shago. In babu a gari, masu zirga-zirga ta Dan Issa zuwa Katsina da Kano suna kawowa, amma ka ba su hoton abin, kada ka ba su suna kawai. Ƙara wayar HDMI gajera da wayar sauti mai ƙaramin kai biyu irin na abin kunne. Mai VGA da ya yi ciniki da kyau bai kamata ya wuce jikka ashirin ba gaba ɗaya.

Mai Péritel ko Amiga, kai naka daban. Akwatunan Péritel zuwa HDMI masu araha da yawa hoton tele na yau da kullum kaɗai suke karantawa, ba sa karanta RGB ɗin da waɗannan injina suke fitarwa, wato hoton da ja, kore da shuɗi kowane yake bin wayarsa. Kayan da aka yi don aikin, irin su OSSC, sun haura Euro 100, sama da jikka 65. Akwai wani na'ura mai irin wannan aiki, GBS-8200, mai sauƙin kuɗi, amma sai wanda ya iya walda. Shawarata, fara da mataki na 8, in abin ya kama ka sai ka tara kuɗin.

4. Shirya tsohuwar tukuna

Wannan na masu VGA ne, kuma a yi shi tun tana haɗe da allonta. Danna dama a fili, shiga saitin allo, sa girman hoto a 800×600 ko 1024×768, sannan ka shiga cikin ƙarin saiti ka mayar da saurin sabunta hoto 60 Hz, wato sau 60 a daƙiƙa. Mutanen da can suna ɗaga shi zuwa 75 ko 85 don kada allo mai ƙeya ya gajiyar da ido. Tafinta mai araha 60 ya sani.

Ga abin da zai ba ka mamaki. Lokacin da kwamfutar take tashi, da baƙin allon DOS (tsohon tsarin da ake rubuta wa umarni), da yawancin wasannin DOS, duk a 70 Hz suke tafiya, kuma ba a canza shi cikin sauƙi. Saboda haka kana iya ganin duhu tun daga kunnawa, sai Windows ta gama buɗewa hoto ya bayyana. Ba lalacewa ba ce. Wasu tafintocin suna karɓar 70, wasu ba sa karɓa, kuma kwalin ba zai gaya maka ba. In DOS ne abin da ya kawo ka, gwada kafin ka biya, ko ku yi da mai shago cewa za ka iya mayarwa.

5. Haɗa wayoyi, komai a kashe

Bi wannan jeri: VGA daga tsohuwar zuwa tafinta, ka ɗaure kusoshinta biyu. Wayar sauti daga koren rami zuwa tafinta. HDMI daga tafinta zuwa katin ɗauka. Katin a jikin laftof kai tsaye, ba ta mahaɗar USB mai baki da yawa ba. Ba tafinta wutarsa, da cajar waya ma ya yi. Buɗe laftof, sannan daga ƙarshe ka kunna tsohuwar. Dalili shi ne tana tambayar abin da ke haɗe da ita a lokacin tashi, in ba ta tarar da kowa ba tana iya zaɓar saitin da bai dace ba.

In wasa za ka buga, hoton da ke laftof yana ɗan makara, ka danna yanzu ka gani anjima kaɗan. Maganinsa mai raba VGA gida biyu, ɗaya ga tsohon allo, ɗaya ga tafinta. Sayi mai wutar kansa. Mai reshe biyu kawai ba wuta yana dusashe hoto, rubutu ya yi inuwa.

Duka injinan biyu su sha wuta daga mahaɗa ɗaya. In kana da sitabilaiza ko UPS, tsohuwar ce ta fi cancanta da shi, laftof tana da batirinta.

6. OBS

OBS Studio, manhajar da za ta yi ɗaukar a laftof, kyauta ne, kada wani ya sayar maka. Sauke shi inda intanet yake da ƙarfi. A akwatin Sources danna alamar ƙari, zaɓi Video Capture Device, ko Périphérique de capture vidéo in naka na Faransanci ne. Katin yakan fito da sunan USB Video.

Kada ka bar shi ya zaɓa da kansa. Sa girman hoto 1280×720, hoto 60 a daƙiƙa, tsarin MJPEG. In ka ga motsi yana tafiya kamar na hawainiya, duba ko ya koma YUY2: katin MS2109 a wannan tsarin hoto 5 kacal yake bayarwa a 1080p. Da haka ma ake gane USB 3.0 na ƙarya.

Sai siffa. Tsohon allo 4:3 ne, kusan murabba'i, na yanzu kuma 16:9. Katin zai miƙe hoton ya cika faɗi, zagaye ya koma ƙwai, mutum ya yi ƙiba. Matse shi ya koma 960×720, ka bar baƙi dama da hagu. Mutane suna jin haushin baƙin gefen nan, ni kuwa na fi jin haushin hoton da aka ja kamar roba. Don gwaji, buɗe Paint a tsohuwar, riƙe Shift ka zana zagaye, ka ga ko ya fito zagaye a OBS.

Mai EasyCap yana da ƙarin abu biyu. Zaɓi tsarin launi: PAL ga yawancin kayan da suka shigo ta Najeriya ko Turai, NTSC ga na Amurka da Japan, SECAM ga wasu na Faransa. In hoto ya zo baƙi da fari ko yana birgima, nan ne matsalar, canza har launi ya zauna. PAL 720×576 ne a hoto 25. In kuma gefen abu mai motsi yana yin haƙora kamar matsefi, danna dama a kan hoton, shiga Deinterlacing, zaɓi Yadif 2x.

A saitin fitarwa sa tsarin fayil MKV, ƙarfin bidiyo 8,000 kbps.

Gargaɗi: kada ka ɗauka kai tsaye a MP4 na gargajiya. In wuta ta ɗauke ko OBS ya tsaya a tsakiya, fayil ɗin duka ya tafi. MKV yana tsira da abin da aka riga aka ɗauka. In ka gama, a menu na File akwai Remux Recordings, cikin ƴan daƙiƙu zai mayar maka da shi MP4 ba tare da rage kyau ba.

7. Sauti, inda aikin yake lalacewa

Mai kallo yana haƙuri da hoto mai ɗan hazo. Gurnani a kunne kuwa, minti ɗaya ya rufe.

Fara da rufe makirfon laftof da sautin laftof ɗin kanta a cikin OBS, in ba haka ba kukan akuya da sallamar maƙwabci duk za su shiga. Bar sautin katin kaɗai. Sa ƙarar tsohuwar a wajen kashi uku cikin huɗu, ka dubi ma'aunin OBS: ya riƙa wasa a kore yana taɓa rawaya, wajen -12. In yana shiga ja, rage daga tsohuwar, ba daga OBS ba, domin sautin da ya fashe tun daga tushe ba ya gyaruwa.

Tsofaffin katunan sauti irin na Sound Blaster suna da ramin fita biyu, ɗaya na layi, ɗaya na lasifika mai ƙarin ƙarfi. Na layin za ka ɗauka. Kuma kada ka kai wayar ramin makirfo na laftof, an yi shi ne don murya mai rauni, zai daddatse sautin.

In kana jin wani "zuuu" mai kauri da ba ya tsayawa, wutar gida ce, 50 Hz, take bin wayoyi. Cire cajar laftof ka saurara. Sau da yawa nan take yake ɗaukewa, sai ka yi ɗaukarka a kan batiri. Gidajenmu da yawa ba su da wayar ƙasa, shi ya sa abin ya yi yawa a nan. In bai tafi ba, raba wayar sauti da wayoyin wuta, kuma ka nisanta salula, ita ma tana da tata ƙarar in kira zai shigo.

Wani abin da ba a faɗa: ƴar ƙarar "tit" ta lokacin tashi, da kiɗan wasannin DOS na farko, ba ta koren rami suke fita ba. Wata ƴar lasifika ce a cikin akwatin. Wannan sai dai ka aje makirfo ko waya kusa da ita, ka rufe ƙofa, ka kashe fankar ɗaki.

Daga nan duba ko sauti da hoto suna tafiya tare. Sa Windows ta fito da saƙon kuskure, wanda yake zuwa da ƙararsa lokaci guda, ka ɗauka, ka kalla. In ƙarar ta riga hoton, shiga Advanced Audio Properties, a Sync Offset fara da 100 ms, ka riƙa ƙarawa har su haɗu. Katin MS2109 a Windows yakan haɗe dama da hagu su zama ɗaya. Ga yawancin tsofaffin injina ba asara ba ce. In kiɗa ne zalla kake so, ɗauke shi daban da manhajar ɗaukar sauti Audacity ta shuɗin ramin shiga na wata kwamfutar tebur, a WAV, ka sani minti ɗaya yana cin kusan mega 10.

8. In babu kuɗin ko ɗaya: waya da allo

Ba abin kunya ba ne, kuma ga injinan Péritel ita ce hanya mafi sauƙi. Kafa wayar a kan abu tsayayye, daidai tsakiyar allo, rufe taga, kashe fitila. Baƙin layin da yake hawa da sauka yana zuwa ne don saurin kyamara bai dace da na allo ba. Shiga yanayin Pro na kyamarar, sa saurin rufewa 1/60 ga allon 60 Hz, 1/50 ga na PAL. Kulle haske da saitin gani, kada su riƙa farauta. Goge gilashin tukuna, ƙurar da ido bai gani ba kyamara tana gani.

9. Gwajin minti biyu, sannan ɗaukar gaske

Ɗauki minti biyu, tsayar, buɗe fayil ɗin da manhajar kallon bidiyo VLC, sa abin kunne ka kalla har ƙarshe. Kowane zama ka maimaita, ko jiya komai lafiya. Na taɓa ɗaukar awa guda cur ta wani wasa, sai da na gama na tarar wayar sauti ta zame tun farko.

A 8,000 kbps awa ɗaya tana cin giga 3.6. Ɗauka a kan faifan laftof, ba a kan filas ba. In za ka kwafe, ka sani filas mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce giga 4, sai ka mayar da shi exFAT, wanda zai goge abin da ke ciki, don haka kwashe kayanka tukuna. Kashe barcin laftof da mai kare allo na tsohuwar. Da rana tsaka a lokacin zafi kada ka wuce minti 30 ba ka ba ta hutu ba, ni da asuba ko bayan isha'i nake yi.

Kafin ka tura wa kowa, sake kallo da idon mai neman aibi. Kwamfutar da ta yi aiki a ofis ko shagon buga takardu cike take da wasiƙun mutane, takardun filaye, sunaye da lambobi, kuma sunayen fayil kaɗai da suka gifta a allo sun isa su tona asirin wani. Yanke wurin ko ka rufe shi. Wanda za ka aika ta WhatsApp, rage shi da manhajar HandBrake zuwa 480p, WhatsApp ɗin ma zai ƙara matse shi. Na asalin, MKV ɗin nan, aje shi wuri biyu, ɗaya a faifan da ba ya kwana a jikin laftof.